Filaskon da Na Dafa wa Baba

Bana azumi ya zagayo ya same mu cikin bazara, daidai inda ya bar mu shekara talatin da uku da suka wuce. Yaran yanzu suna kuka da zafi alhali fanka na juyawa a kansu, ga ƙanƙara a leda ana talla har ƙofar gida. Zafin dai shi ne, ban ga ya ragu ba, kuma ni ma jikin ba na da ba ne. Tun watan jiya likita ya ɗora ni a kan ƙwayar rage ruwa saboda ƙafafuna da ke kumbura, wata 'yar ƙarama fara, ya haɗa min da wata babba mai wuyar haɗiya. Ranar da 'yata Fati ta zube su a tafin hannuna, kallo ɗaya na yi musu na gane su. Fati ta ce, "Mma, lafiya kike kallon magani haka?" Na ce mata lafiya lau, mun daɗe da sanin juna ne.

Irinsu Babana ya sha. Baba falken doya ne a Salaga. Kakanninsa goro suka zo nema daga ƙasar Hausa suka zauna, da goron ya canja hanya gidanmu ya koma doya. Yakan cika lori ya kai Bawku, ya dawo da albasa da raguna. Dogo ne, mai tsabta, mai taurin kai, kuma duk wanda ya san ni ya san inda na gado nawa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, ba ya ɓoye shi: tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba. Ba a tafiya ba, ba a zazzaɓi ba, har shekarar yunwa da aka yi ta cin rogo ɗanye bai sha ba. A shekarar da nake ba da labari yana neman cika azumi na hamsin da ɗaya.

Da daminar da ta gabata ne ƙafafunsa suka kumbura, ya fara haki in ya hau bayan lori duba kaya. Yayana Sani, wanda yake zaune a Bawku yana karɓar kayan Baba, shi ya matsa masa suka je asibiti a can. Aka ce zuciya ce ta gaji, ruwa yana taruwa a jiki. Aka ba shi kati da ƙwayoyi iri biyu. Ƙaramar, safe da rana, Baba ya yarda da ita, don da ya sha sai fitsari, cikin mako guda takalminsa ya koma shigarsa. Babbar kuwa bai taɓa ganin aikinta ba. Yakan juya ta a hannu ya ce, "Wannan dai rakiya take yi."

Mu uku ne a sashenmu. Mahaifiyata ta rasu shekara biyu kafin nan. Akwai Gwaggo Hawa, yayar Baba, wadda idonta ya yi rauni amma bakinta yana nan daram. Sai ni, ina da shekara ashirin da uku, mijina yana Kumasi wajen ɗinki ya bar ni in kula da tsofaffi. Murhu nawa ne, ruwa nawa ne, magani nawa ne. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin, kuma ban ga laifina ba, don babu wanda ya taɓa cin girkina ya rage.

Bazarar shekarar ta zo da fushi. Salaga garin rijiyoyi ne, kowane lungu da tasa, amma kafin a ga wata yawancinsu sun koma laka. Da an idar da sallar asuba mu matan unguwa muke ɗaukar garwa da guga mu bi layi a 'yan biyun da suka rage. Ki zura guga ki ji ya taɓa ƙasa, ki jira ruwan ya tsatso, ki ɗebo rabin ƙwarya. In layi ya yi tsawo sai mu wuce dam. Ruwan can ja ne, dole a tace shi da ƙyalle sau biyu saboda kurkunu. Kafin mu dawo rana ta fito, gammo ya jiƙe sharkaf da gumi, ruwa na zuba a bayan wuya, ga shi a kanki ba damar kurɓa.

Da hantsi a kai masara inji, a jiƙa gasarar koko. Daga azahar gari ya mutu. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai don zafi, kaji su buɗe baki su lafe ƙarƙashin rumbu, mu kuma mu shimfiɗa tabarma gindin mangwaro mu jiƙa zane mu rufa. Zanen ba ya minti goma ya bushe. Wani lokacin hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito da roba da baho, sai iska ta kwashe shi ta bar mu da zufa. Da la'asar a hura wuta. Wannan ne lokacin da na fi tsana, ƙishi ya kai maƙura ga hayaƙi a ido.

Abin dariya, gidan fataken doya ne amma babu doyar ci. Tsohuwa ta ƙare, wadda ta rage a rumbu iri ce tana jiran ruwan farko, kuma Baba ya fi yarda a taɓa rawaninsa da a taɓa irin doyarsa. Sai koko da shan ruwa, tuwon garin rogo da miyar busasshiyar kuɓewa bayan magariba, garin kwaki da sahur. Nasa kuma ba gishiri, haka asibiti suka ce. Yakan yi loma uku ya ture kwanon. Koko kawai yake iya sha, sai shayi.

Yanzu bari in zo kan tukunyar. Muna da al'ada a gidanmu da ban san farkonta ba. Gwaggo ta ce tun zamanin ayarin goro ake yi. Kowace Alhamis ta azumi, bayan an sha ruwa, duk babba sai ya sha kofi ɗaya na ruwan ganyen filasko da tsamiya, don a wanke ciki, kada zafi ya taru. Akwai wata 'yar baƙar tukunyar ƙasa da ba a dafa komai a ciki sai shi. A da mahaifiyata ke dafawa, da ta rasu aka miƙo min. Nawa ya fi nata ƙarfi, har maƙwabta suna aiko da kofi. A wurinmu filasko ba magani ba ne. Magani shi ne abin da aka karɓo a asibiti ko wurin mai sassaƙe. Filasko kayan gida ne, wurin ajiyarsa ɗaya da daddawa da barkono.

Ranar uku ga azumi Baba ya ce babbar ƙwayar tana ƙona masa ciki. Na tambaye shi ko ya taɓa jin amfaninta, ya ce bai taɓa ba. Na ce, "To a ajiye ta sai bayan Salla mana, Baba." Ni na faɗa, da bakina, na ɗauke kwalbar na sa a bayan madubi. Ƙaramar kuma, tunda ba damar sha da rana, sai ya riƙa haɗa biyun ya haɗiye da sahur. Kafin hantsi ya zagaya sau biyar, sau shida, ga gumi yana zuba yini guda. Muna ganin haka muna murna, ƙafa ta saɓe sarai.

Wajen kwana tara ya fara cewa sharaɓarsa tana ɗaurewa a sallar asham. Muka ce tsayuwa ce, limamin bana mai ja ne. Na shafa masa man kaɗanya. Sai kuma ciki ya ɗaure, kwana biyu bai fita ba, ya kumbura yana ƙugi. Gwaggo ta ce, "Zafi ne ya taru. Salamatu, ba sai an jira Alhamis ba." Ni ma abin da ke raina ke nan. Na dafa, ya sha, ya yi ta zagayawa har gari ya waye, ya ce ya ji sakayau. Bayan kwana biyu cikin ya sake ɗaurewa fiye da da. Na ƙara ganye. Ya sake ɗaurewa, na sake ƙarawa. Kafin tsakiyar wata kullum nake dafawa, har ruwan ya koma baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Ko sau ɗaya ban yi shakka ba. Ina ganin ciwo, ina ganin maganinsa a hannuna.

Ranar sha shida ga wata ya tsaya sallar la'asar a gida, don ƙafa ba ta kai shi masallaci ba. Ina bakin murhu na ga ya yi sujada bai ɗago ba. Na ɗauka addu'a yake ja. Da abin ya yi yawa na matsa na ce, "Baba?" Ya ce da wata murya can ƙasa, "Ɗaga ni." Mutumin da yake ɗaga doya goma a hannu ɗaya ya kasa ɗaga kansa daga tabarma. Na jingina shi da bango, na ɗora tafina a ƙirjinsa. Bugu uku, sai shiru, sai biyu a guje, sai shiru kuma. A wannan shirun na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce ya sha ruwa. Ya ce saura awa biyu. Na ce gobe sai asibiti. Ya ce in dai asibiti ne sai Bawku, inda katinsa yake, inda ɗansa yake. Gwaggo ta ce a bari a ga bayan Salla. Na ce mata in ta ga dama ta jira Salla, ni gobe zan ɗauki ubana. Ta ce ba ni da kunya. Na ce na ji. Da nake haɗa kaya na ɗauko kwalabe biyun, har ta bayan madubin, na kuma ƙulle ganyen filasko a bakin zanena don kada cikin ya ɗaure masa a hanya.

Wani direban da ya daɗe yana ɗaukar wa Baba kaya ya ba mu gaban lori. Daga Salaga zuwa Yendi ta Bimbila ba wata tafiya ba ce a yau, amma a lokacin mun yini. Injin yana ƙarƙashin ƙafarmu, zafinsa ya haɗu da na rana, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Gefen hanya duk an ƙone ciyawa, sai kunyoyin doya da aka tayar suna jiran ruwa, kowace da 'yar hular ganye a kai. Na tuna wa Baba cewa matafiyi an yarje masa ya sha. Ya ce ya san wannan tun ba a haife ni ba.

A Yendi muka sauka gidan wani abokin cinikinsa. Maƙwabcin gidan tsoho ne, Badagombe, wato ɗan ƙabilar garin, ya yi aikin ba da magani a asibiti har ya yi ritaya. Aka kira shi bayan magariba. Ya riƙe wuyan hannun Baba ya daɗe, yana kallon agogonsa, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, me yake sha?"

Na nuna masa ƙaramar. Na nuna masa babbar, na ce wannan mun ɗan dakatar. Ya girgiza kai ya ce a koma mata tun yau.

"Ba wani abu kuma? Ko na gargajiya?"

Na ce babu. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Da ya tambaye ni ko Baba yana cin daddawa, da na ce e. Filaskon yana ƙulle a ƙuguna muna maganar, ko a raina bai zo ba. Tsohon ya ce kada mu yi wasa, bugun nan bai yi masa daɗi ba, a kai shi inda akwai na'urar da ke zana zuciya. Da ya tafi Baba ya haɗiyi babbar ƙwayar da ƙyar, ya ce cikinsa ya yi tauri kamar dutse. Na ari tukunya wurin matar gidan na dafa masa.

Da safe a tashar mota, muna jiran ta Bawku ta cika, yana zaune a benci yana jan carbi, sai kawai ya sulale. Ba ihu, ba komai. Idonsa ya juye, carbin ya faɗi. Kafin mutane su taru ya buɗe ido yana tambayar me ya faru. Wata mai sayar da lemo ta miƙo ruwa, ya kau da kai. Aka ce a kai shi asibitin garin, ya ce shi Bawku ya nufa. Na yi faɗa, na yi kuka, mota ta cika, muka shiga. Duk tsawon hanyar nan, Gushegu, hawan dutsen Nakpanduri, gangarowa Garu, yatsuna biyu suna kan wuyan hannunsa. In ya yi shirun nan nasa sai in riƙe numfashi har ya dawo.

Mun isa Bawku dab da magariba. Yaya Sani yana ganinsa ya ce a wuce asibiti yanzu. Baba ya sha ruwa, ya sha koko, ya ce shi ba mai kwana a asibiti ba ne, sai da safe. Da sahur ya sake ɗaura niyya. Allah ya taimake ni gidan Yaya a cike yake da baƙi, ban sami murhu ba a daren.

Likitan da ya gan mu saurayi ne, Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, Hausarsa irin ta Bawku, mace da namiji duk "shi" ne, amma ba wanda zai ce bai gane shi ba. Ya sa aka ɗebi jini. Ya kwantar da Baba ya manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, wata na'ura ta riƙa fito da siririyar takarda mai zane. Ya duba takardar, fuskarsa ta canja. Ya yi tambayar ƙwayoyi, na faɗa masa gaskiya. Sannan ya ce, "Cikinsa fa? Yana amai, ko zawo?"

Nan na gyara tsayuwa. Na ce, "Ai ɗaurewa yake yi, likita. Amma wannan na kula da shi." Na kwance bakin zanena na nuna masa ganyen, har da ɗan alfahari.

Ya ɗauki ganye ɗaya ya shinshina. "Sau nawa?"

"Kusan kullum. Kwana takwas ke nan."

Bai yi min tsawa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya jawo kujera ya zauna gaban Baba, ya ce mu matso.

Ya ce akwai wani gishiri a cikin jini, ba irin na miya ba, sunansa fotasiyam. Naman zuciya kuma ƙananan ɗakuna ne birjik waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaki da 'yan ƙofofi a bangonsa. 'Yar wutar lantarki ce take sa zuciya ta buga. Da wutar ta zo, wasu ƙofofi su buɗe, gishiri irin na miya ya ruga ciki, ɗakin ya matse, shi ne bugun. To daga nan sai ƙofofin fotasiyam su buɗe, shi kuma ya fita waje, wutar ta sauka, ɗakin ya saki ya huta ya jira bugu na gaba.

Ya ga Baba yana kallonsa kawai, sai ya juyo gare ni. "Kina daka sakwara?"

Na ce 'yar Salaga yake tambaya.

Ya ce, "Taɓarya in ya sauka, dole ya tashi kafin ya sake sauka. Ƙofofin fotasiyam su ne masu ɗaga taɓarya. In fotasiyam ya yi ƙasa cikin jini, ƙofofin suna nauyi, ba su buɗewa da kyau. Taɓarya bai gama tashi ba wani bugu ya zo masa. Wani ɗaki ya huta, na kusa da shi bai huta ba. Sai dakan ya rikice. In ya rikice kaɗan, shi ne tsallen da kike ji a hannunsa. In ya rikice sosai, jini ba ya zuwa kai, shi ne faɗuwar Yendi. Jiya ya dawo da kansa. Ba kullum yake dawowa ba."

Ya nuna mana a takardar. Bayan kowane tsini akwai ɗan tudu da ya kamata ya tashi sosai, na Baba ya kwanta, ga wani ƙaramin kuma ya biyo shi wanda bai kamata a gani haka ba. Ya ce ƙaramar ƙwaya tana fitar da ruwa, amma tana tafiya da fotasiyam cikin fitsari. Babbar ita ce mai mayar da shi. Gumi ya ɗebi nasa, abincin da ake samunsa ciki, doya da wake da ayaba da ganye, Baba ba ya ci. Sannan ya ɗaga ganyen. Ya ce hanji ma nama ne, in fotasiyam ya yi ƙasa shi ma sanyi yake yi, shi ya sa cikin ya ɗaure. Kowane kofi da aka ba shi don a kwance cikin, ƙara kwashe abin yake yi.

Na zauna a ƙasa. Kwana takwas ina tashi daga aikin yini, ƙishi na cina, in wanke tukunya, in zaɓi ganye mai kyau, in tace, in kai masa da hannu biyu. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na ji kamar in fita in bi hanya.

Likita ya ce za a sa masa ƙarin ruwa yanzu, a hankali, don fotasiyam in aka zuba shi da sauri shi ma tsayar da zuciya yake yi. Saboda haka rabi ta jijiya, rabi ta baki. Aka kawo kofi da wani ruwan magani a ciki. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne.

Baba ya dubi kofin ya ce, "A ajiye sai magariba."

Likita ya ce, "Alhaji, ban da tabbacin zuciyan nan zai kai magariba."

"To in bai kai ba, na tafi da azumi a bakina."

Yaya Sani ya roƙe shi. Ya kawo masa maganar malamai, cewa Allah ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Baba ya ce ya sani. Ya ce shekara hamsin ba a ga rana ta gan shi yana haɗiya ba, saura kwana goma sha ɗaya ba zai zubar ba. Ya juya fuskarsa bango. Yaya ya fita waje, ina jin sa yana share hanci.

Na tashi na karɓi kofin daga hannun nas. Ban taɓa ɗaga wa ubana murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na durƙusa bakin gadon na ce, "Baba, juyo ka dube ni."

Ya juyo.

Na ce, "In ka tafi yau, Salaga duk za a ce Alhaji ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya cika da azumi a baki. Gaskiya ne kuma. Amma ni na ce a ajiye ƙwayar nan. Ni na dafa, ni na ƙara ganye, ni na kawo maka har Yendi. Kai za ka tafi da ladanka, ni ka bar ni da tukunyar. Shekarata ashirin da uku, Baba. Ka lissafa min azumi nawa zan yi ina tuna wannan."

Leɓensa duk ya tsage. Can ya ce, "Ke dai bakinki na Hawa ne." Ya yi yunƙurin ɗaga hannu, hannun bai tashi ba. Ya ce, "To ba ni."

Na tallafi kansa. Ya yi bisimilla ya sha, a hankali, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ya ɓata fuska ya ce ko filaskona ya fi wannan daɗi. Nas ta nemi jijiya ta sa allura.

Kwana huɗu muka yi. A rana ta biyu na ɗora yatsuna a hannunsa na ƙirga har ɗari ba tsalle. A ta uku ya tashi da kansa ya yi alwala, cikin kuma ya saki ba wanda ya dafa masa komai. Aka sake zana takardar, likita ya nuna min tudun ya miƙe. Matar Yaya tana kawo wake da ayaba da miyar ganye da rana tsaka, Baba ya ce a ja labule kafin ya ci. Ranar da za a sallame mu aka yi ruwan farko. Ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, marasa lafiya masu iya tashi duk suka leƙa. Baba ya ce, "An samu na shuka." Hankalinsa ya riga ya koma kan irin doyarsa.

Gwaggo ba ta taɓa yarda ba har ta koma ga Allah. Ta ce iyayenmu sun sha filasko sun yi shekara casa'in, ƙwayar Bature ce ta ɓata abin. Na ce iyayenmu kofi ɗaya suke sha a mako. Tukunyar na kai ta bayan ɗaki na zuba wa kaji ruwa. Baba ya rama kwanakinsa cikin damina, da izinin likita, lokacin sabuwar doya ta fito. Ya ƙara shekara tara a duniya. Bai sake faɗin lissafin azuminsa a gaban mutane ba, amma duk daren da aka ga wata sai ya miƙo min hannu ya ce, "Kawo 'yar rakiyar."

Ni kuma bana, kafin azumi, na je aka auna jinina, likita ya ce in gwada yin azumin, in na ji wani abu in sha shi. Na yi kwana goma sha shida lafiya. Babbar ƙwayar ko sau ɗaya ban tsallake ba. Shekaranjiya da azahar, ana wannan zafin, ina zaune ina tsince wake, sai sharaɓata ta ɗaure. Na dakata. Na ji bugu uku, na ji shirun. Na ɗaga kai na ga Fati tsaye a ƙofar ɗaki, ta gani a fuskata. Tana murza bakin mayafinta, tana haɗa maganar da za ta roƙe ni da ita, ta san uwar da Allah ya ba ta.

Na san nauyin wannan maganar, na taɓa ɗaukarta. Tun ba ta buɗe baki ba na ce, "Fati, ɗebo min ruwa a randa. In na sha ki kira mai keke mu tafi asibiti."